Babi na Bakwai: Madubi Mai Doro, Gane Shi da Rataye Shi

Ranar da za mu yi wannan babi, kowa ya zo aji da cokalin ƙarfe mai ƙyalli, da tef ɗin awo irin na tela, da fensir ko alli, da littafinsa. Wanda ba shi da tef ya ara wajen maƙwabci.

Darasi na 1: Wane ne madubi mai doro?

Ku ɗauki cokalin, ku miƙe hannu, ku dubi cikinsa, wato wajen da ke ɗebo miya. Kun ga fuskarku ta kife, kai a ƙasa. Yanzu ku juya bayansa. Fuskar ta tsaya daidai, amma ta ƙanƙance, hanci ya taso, kuma kuna hango bango da ƙofa da mutanen da ke bayanku. To, haka madubi mai doro yake aiki. Tsakiyarsa ta turo waje, ta nufo mai kallo. Kun saba da shi a jikin babur, da kwanar titi, da manyan kantuna inda mai shago ke son ganin kowane lungu daga mazauninsa.

Kada ku rikita shi da madubi mai rami, wanda tsakiyarsa ta lotsa ciki. Mai rami yana tara hasken rana wuri ɗaya, har yakan ƙona labule in an bar shi a taga. Mai doro kuwa watsa haske yake yi, shi ya sa yake buɗe ƙaramin ɗaki mai duhu. In kuna shakka, ku ɗora fensir a kwance bisa gilashin a hankali. In ya taɓa tsakiya kawai, gefe biyu suna lilo, mai doro ne.

Iyaye mata, ba madubin kwalliya ba ne. Ba a sa kwalli da shi, ba a ɗaurin ɗankwali da shi. Na adon bango ne.

Darasi na 2: Na da da na yanzu

Asalin wannan ado ƙasashen Turai ne. Shekaru ɗari shida da suka wuce, maƙeran gilashi na can ba su iya yin babban madubi shimfiɗaɗɗe mai kyau ba. Sai su hura narkakken gilashi ya zama ƙwallo, su zuba narkakkiyar dalma ko kuza a ciki ta lulluɓe shi, in ya huce su yanka gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa sai ta fito da doro. Birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna a wannan sana'a. Akwai wani zane da Jan van Eyck ya yi a shekarar 1434, yana nan a gidan adana zane na birnin Landan. Miji da mata ne a tsaye, a bangon bayansu ga ɗan madubi mai doro, a cikinsa ana ganin ɗakin duka har da mutum biyu a bakin ƙofa. Masu canjin kuɗi da maƙeran zinariya na zamanin ma sukan ajiye shi don su sa ido a kan kayansu.

Wanda aka fi kwaikwayo a yau shi ne na Ingila da Amurka na wajejen 1800 zuwa 1820. Da'ira ne, firam ɗinsa katako ne da aka shafe da farin alli da gam, sannan aka manna masa zinariya siririya kamar ɓawon albasa. Akwai baƙin zobe kewaye da gilashin, da ƙananan ƙwallaye a jere cikin firam, sau da yawa da gaggafa a sama ta buɗe fiffike. Wasu suna da hannuwa biyu na ɗora kyandir, domin a lokacin babu lantarki, madubin ne ke baza hasken. A ɗakin cin abinci ake yawan rataye shi, yadda mai hidima zai ga teburin duka ba tare da ya tsaya a kan baƙi ba. Daga baya, wajejen 1950, aka yi yayin wani a Faransa mai tsinkaye kewaye da shi, siffar rana.

A wajen masu cinikin tsoffin kaya, sai abu ya kai shekara 100 ake kiransa na tarihi. Mai sayarwa zai rantse muku cewa nasa ya kai. Ku juya bayan madubin tukuna. Na da bayansa katako ne da ya yi duhu, kuma yana da nauyi. Gilashinsa ba ya fita tas, yana da ɗigo-ɗigon toka. Na yanzu bayansa kwali ne ko falanki, firam ɗin sau da yawa roba ce da aka fesa wa fenti ruwan zinariya, wani ma gilashin kansa roba ne. Ni dai a ganina, gida mai yara sabon ya fi masa. Ba shi da tsada, ba shi da nauyi. Kuma madubai da yawa na da, da kuza da zaiba aka yi bayansu, sai a 1835 wani Bajamushe, Justus von Liebig, ya gano yadda ake shafa azurfa, a hankali aka bar zaiba. Zaiba guba ce. In kun ga ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli suna gangarawa a ƙasan firam, kada ku taɓa da hannu, kada ku share da tsintsiya, ku fitar da yara, ku buɗe taga.

Darasi na 3: Awo

Nan ne aikin yake. Ku natsu, ba wuya, sabo ne kawai.

Tef ɗin tela fuska biyu gare shi. Ɗaya lambobinta manya ne, a wawware, suna ƙarewa a 60. Wannan inci ne, ba da shi za mu yi ba. Ɗayar lambobinta ƙanana ne, a matse, suna kai wa 150. Wannan santimita ne, shi muke so. Ku nemi lamba 1 a wannan fuskar. Daga bakin ƙarfen da ke kusa da 1 ake fara awo kullum.

Ana son tsakiyar madubi ta zo daidai idon mutum a tsaye, wato santimita 150 daga ƙasa. Kun ga an yi sa'a, tsawon tef ɗin ke nan. Ku taka bakin tef a gindin bango, ku miƙe shi sama, ku sa alama a 150. Ku rubuta T a wajen, ma'ana tsakiya.

Yanzu ku saurara da kyau. Ba a wannan alamar ake buga ƙusa ba. T wurin tsakiyar madubi ce. Ƙusa tana sama da ita. Ku maimaita da baki: ƙusa ba a T take ba.

Ga yadda ake samo wurin ƙusa.

Na farko, ku auna tsawon madubin daga sama zuwa ƙasa, har da firam. A ce 60 ne. Ku raba biyu, 30. Ku haɗa da 150, ya zama 180. Nan saman madubin zai tsaya.

Na biyu, ku kifa madubin a kan bargo ko filo, don doronsa kada ya karce. A bayansa akwai waya da aka ɗaura daga wannan gefe zuwa wancan. Ku sa yatsa a tsakiyar wayar, ku ja ta sama, wajen kan madubin, har ta miƙe ta ƙi gaba. Ku riƙe ta a haka. Kada ku saki. Tana a jaye, wani ya auna muku daga yatsanku zuwa saman firam. A ce 10 ne.

Na uku, ku cire 10 daga 180. Saura 170. A 170 ake buga ƙusa. Tun da tef ya ƙare a 150, sai ku ɗora bakinsa a kan T, ku ƙara 20 zuwa sama, ku sa alama, ku rubuta Ƙ.

Me ya sa ake jan wayar? Saboda in madubi ya hau bango, nauyinsa zai ja ta haka. In kuka auna tana sake, za ku sami lamba babba, wataƙila 18. Ku cire 18 daga 180, ku buga ƙusa a 162, ku rataye, sai madubin ya sauko da santimita 8 ƙasa da inda kuka so. Sai a cire ƙusa, a sake huda bango, mai gidan haya ya zo yana faɗa. Saboda haka a ja waya, sannan a auna.

Mu sake da wani madubin. Tsawonsa 40. Rabinsa 20. Da 150, 170. Yanzu me za a yi? A kifa shi a kan bargo, a sa yatsa, a ja waya sama, a riƙe. An auna an sami 6. Cire 6 daga 170, saura 164. Daga T za a ƙara 14. Wanda ya samu, madalla. Wanda bai samu ba ya sake bi a hankali, ba tsere muke ba, kuma wanda ya iya lissafin canji a kasuwa ya iya wannan.

Amma fa zan faɗa muku gaskiya. Akwai masu gyaɗa kai a aji suna “mun gane, Malam”, in an miƙa musu madubi sai su ɗora tef a kan waya tana kwance. Akwai kuma dattawan da ke cewa idonsu ya ishe su awo. Baba, da girmanka, idon nan ne ya huda bangon ajinmu har ya zama abin da ya zama. Ba na son in sake ganin an auna waya a sake. Yatsa a tsakiya, a ja sama, a riƙe, sannan tef.

Aikin gida. Madubi tsawonsa 50, daga jayayyar waya zuwa sama 8. Ina ƙusa? Wani tsawonsa 80, daga jayayyar waya zuwa sama 12. Ina ƙusa? Ku rubuta duk matakan, ba amsa kaɗai ba, kuma kada jikoki su yi muku.

Darasi na 4: Wuri da ƙusa

Kafin a buga komai, wani ya riƙe madubin a bango, ku je bakin ƙofa ku duba. Yana kwaso ɗakin duka, don haka baƙon da ya yi sallama zai iya hango gado ta cikinsa. In haka ne, a canja bango. Ya fi kyau ya fuskanci taga ko jeren kaya. Kada ya kasance gaban inda ake shimfiɗa darduma, zai ɗauke hankalin mai salla. In a saman kujera ne, a tabbata kan mai zama ba zai buge shi ba.

Bangon bulo yana son ƙusar kankare. In madubin mai nauyi ne, a kira mai injin huda bango ya sa roba da sukuru. Bangon ƙasa yana son doguwar ƙusa, a buga ta a karkace, kanta na kallon sama. Kada a buga a saman soket ko makunnin wuta, wayar lantarki ta nan take bi. Ƙusa a kan Ƙ, ba a kan T ba.

Darasi na 5: Gogewa

Ruwa a jikin tsumma, ba a jikin madubi ba. Tsumma mai laushi, a matse shi sosai. Firam mai zinariya ba ya son ruwa ko kaɗan, busasshen burushi mai laushi ya isa, musamman lokacin hunturu.

Darasi na 6: Jera da yawa

Ana iya jera ƙanana uku ko biyar a bango ɗaya. A fara gwada jerin a ƙasa. Tazara ta zama iri ɗaya. Awon kowanne yana Darasi na 3, a koma a duba.