Yadda za a saka tarbiyyar zuciya cikin jadawalin makaranta

Yaro zai ci saba'in bisa ɗari a darasin addini, ya fito tara ya ɗauke biron abokinsa. Jarrabawar da ake ginawa kan manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, tana auna abin da ya riƙe a ka ne, tazkiyya kuwa, wato tsarkake zuciya, ba ta hawa takarda. Alhali a aya ta 2 ta Suratul Jumu'a an ambaci tsarkakewa kafin koyar da Littafi da hikima. Mai makaranta a Kaduna, ta boko ko Islamiyya, zai iya ba ta wuri ba tare da ya ƙirƙiro sabon darasi ba.

A fara da lissafi. Zango kusan mako 13 ne. A cire na jarrabawa, saura 12. A ware hali ɗaya ga kowane mako biyu: shida a zango, 18 a shekara. Masu zumuɗi sukan jera hali guda kowace rana, a ƙarshe ba wanda ya zauna.

Da wane hali za a fara? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya gabatar da halaye masu halakarwa kafin masu tsirarwa a littafinsa Ihya'u, don sai an share gona ake shuka. 'Yan firamare a fara musu da harshe: ƙarya, zagi, gulma, sannan amana. Hassada, girman kai da riya a bar su sai ƙaramar sakandare, lokacin da yaro ya fara gane abin da ke motsi a ransa. Ba sai an sayi sabon littafi ba. Farkon Ahalari, wanda malamai da yawa ke wucewa da gudu don a kai babin tsarki, magana ce kan tuba da kiyaye harshe da ido. A haɗa da hadisin Jibrilu, na biyu a Arba'una, don ma'anar ihsani.

Minti goma a asembilin Litinin sun isa: aya ɗaya, hadisi ɗaya, misali ɗaya daga cikin aji. Sai minti biyar kullum bayan sallar Azahar, kowa ya yi shiru ya tambayi kansa abin da ya aikata tun safe. Islamiyyun yamma irin na Tudun Wada da Rigasa su yi nasu kafin tashi.

Amma hali sai da wurin gwaji. A mako biyun amana, a ajiye kwalin fensir 20 a bayan aji da gwangwanin zuba kuɗi, ba mai sayarwa. Da an tashi, malami ya ƙirga a gaban kowa, ya rubuta giɓin a allo, kada ya nemi mai laifi. In fensir biyu sun yi ƙafa, ya ce gwangwani na nan gobe ga mai son gyarawa. Abin lura shi ne ko giɓin rana ta goma ya kai na ranar farko.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne maki. Da zarar an ce mai sallar nafila zai sami maki biyar, an koya wa yara riya da hannun malami. A katin sakamako a rubuta jimla ɗaya kan abin da aka gani, kamar "ya daina zagi in an tsokane shi". Bulala ma haka take: tana haifar da yaron da ke gyara sahu in malam na kallo. Kuma malamin da ke ce wa ɗalibi jaki ba shi zai koyar da kiyaye harshe ba, shi ya sa zaman farko na kowane zango na malamai ne, awa guda, kan halayen nan shida.

Kaduna gari ne na kowa da kowa. A aji ɗaya akwai ɗan gidan Izala da ɗan gidan ɗariƙa, don haka a tsaya kan azkar na safe da yamma da suka tabbata, wuridi a bar wa gida. Inda akwai ɗalibai Kirista, ɓangaren aya da hadisi ya koma darasin addini, kwalin fensir kuwa na ajin gaba ɗaya ne. Iyaye a tura musu saƙon WhatsApp na layi uku a farkon kowane mako biyu: sunan halin, hadisin, da abu ɗaya da za su lura da shi a gida.