Tsohon bututun hayaƙi: kurakuran da masu gida ke yi wajen rushe shi ko gyara shi

Wanda ya taɓa shiga tsofaffin gidajen Turawa a GRA ta Zariya, ko wasu gidajen manyan ma'aikatan jirgin ƙasa da na Samaru, ya san abin da nake nufi. A jikin bangon falo akwai wani murhu na jin ɗumi, daga kansa kuma wani gini na jan bulo ya miƙe, ya huda silin, ya huda rufi, ya leƙa sama. Tun bayan da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 aka riƙa yi wa Turawa irin waɗannan gidaje, su kuwa sanyin hunturu na Disamba da Janairu ya ishe su dalilin hura wuta a falo. Yau yawancin murahun nan sun yi shekara da shekaru ba su ga itace ba. Sabon mai gida yana shigowa sai ya ce a cire masa wannan abu, ya tare masa wurin talabijin.

A nan kuskure mafi muni yake, kuma shi na fi gani a aikina na gyaran tsofaffin gidaje. Mutum ya kira lebura biyu da guduma, su fasa ɓangaren da ke cikin falo, a yi yaɓe, a shafa fenti, falo ya yi fes. Ginin da ke saman silin kuwa an bar shi yana nan. To a kan me yake zaune? Daga tushe har zuwa bakinsa na sama gini ɗaya ne, na ƙasa ke ɗauke da na sama. Jan bulo kuma ba wasa ba ne, ginin da ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri yana kusan tan biyu.

Akwai wani gida da aka kira ni saboda silin ɗin falo ya yi ciki. Na sa tsani na leƙa da tocila, sai na ga ragowar bututun, ya fi ni tsawo, yana zaune a kan katako biyu da wani kafinta ya gitta masa. Na sa yatsa a jikin ɗaya, yatsan ya shige, gara ta cinye cikinsa saura ɓawo. Daidai ƙasan wurin aka shimfiɗa dardumar da yara ke karatun dare. Na sauko na ce, "Alhaji, yau kada kowa ya zauna a falon nan." Ya ce, "Haba Malam, ai shekara uku ke nan ba abin da ya faru." Sai da ya hau tsanin da kansa ya gani, sannan ya sauko ba ya cewa komai, ya shiga kwashe dardumar.

Rushewa daga sama ake fara ta, layi bayan layi, da kurfi da ƙaramar guduma, ana sauko da bulon a bokiti. Kada a jefo shi kan rufi, kada kuma a ɗaura wa ginin igiya a ce za a finciko shi gaba ɗaya, domin inda kake so ya faɗi dabam, inda zai faɗi dabam. Idan dole sai an bar na sama, injiniyan gini ne zai lissafa ƙarfen da zai riƙe shi, ba birkila ba, duk ƙwarewarsa. A kuma duba da kyau ko katakon rufin ya dogara da jikin bututun, saboda a wasu gidajen haka aka yi. Gidan gwamnati ko na jami'a kuwa, sai da izinin sashen da ke kula da gidaje, wanda gidan mallakarsa ne ma ya kamata ya tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kafin ya taɓa abin da ke riƙe da gini.

Kafin guduma ta taɓa komai, a san wa ke zaune a ciki. Ramin da ya yi shekaru babu hayaƙi gidan jemagu ne, ko tantabaru, ko ƙudan zuma. Na ƙarshen nan su ne abin tsoro, mutum yana kan rufi ba shi da wurin gudu. A tsaya da rana a kalli bakin bututun na ɗan lokaci, in ana shige da fice a nemo masu cire zuma tukuna. Haka nan rufi ko silin na asbesto, wanda ya cika gidajen shekarun 1960 da 1970: ba a yanka shi da injin, ba a farfasa shi. Ƙurarsa na lalata huhu, kuma sai bayan shekaru masu yawa ciwon ke bayyana. A jiƙa shi, a kwance shi ɗai-ɗai, masu aiki su sa takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba.

Masu son barin bututun su gyara shi ma suna da nasu. Wurin da gini ya haɗu da kwano shi ne ke yoyo, sai a lafta masa siminti ko kwalta. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da dare, siminti ba ya bin sa, kafin malkar Agusta ya tsage, ruwa ya dawo. Abin da ke yi shi ne a lanƙwasa falle na ƙarfe, a cusa bakinsa cikin layin da ke tsakanin bulo da bulo, ya sauko ya rufe kan kwanon. Aikin yini ɗaya ne ga kafintan da ya iya. Sannan tsohon bulo da aka ɗora da farar ƙasa ba ya son siminti mai ƙarfi. In ka cike masa tsaga da shi, danshi ya rasa hanyar fita ta layi sai ya bi ta jikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A yi kwaɓi mai laushi, da farar ƙasa a ciki.

Wasu kuma sai su toshe sama da ƙasa ruf. Bayan damina ɗaya bangon falo ya yi tabo ruwan ƙasa, ɗaki ya riƙa warin laima. Ramin yana bukatar iska ta ratsa shi: hula a sama da raga don ruwa da tsuntsaye, ƙaramar kafa a ƙasa. Tabon nan kuwa kunkunniyar shekaru ce da ta shiga jikin bulo, ko sau nawa ka shafa fenti za ta ɓullo. Sai an kankare yaɓen wurin, bango ya bushe, a yi sabo, a shafa fentin da ke tare tabo kafin na ado.

Ɗaya ya rage, shi kuwa na rai ne. Sanyi ya matsa, mutum ya tuna yana da murhu, ya zuba gawayi ya rufe tagogi, bai san sheƙar tsuntsu ta toshe hanyar ba. Wani ma har salansar janareta na ga ya zura a ciki, wai hayaƙi ya bi ta sama. Gawayi da janareta duk suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci, kuma tsohon bututu mai tsaga zai tsiyayo ta cikin ɗakuna. Janareta wurinsa waje, nesa da taga. Murhun kuma in ana son a dawo da shi aiki, a share ramin daga sama har ƙasa, sannan a ƙona ɗan tsumma mai laima a bakinsa, taga a buɗe. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakar gida ya ga ko hayaƙin na fita sama, ɗaya ya leƙa saman silin da tocila. In ya ga ko da siririn hayaƙi na fita ta jikin bulo, ba a hura wuta a wurin sai an gyara.