Yadda na gyara Chapman ɗina da ya ƙi daɗi

Tun Sallar bara nake fama da Chapman (lemon nan na haɗi da ake yi da Fanta da Sprite) a gida, kullum sai ya fito zaƙi zalla kamar ruwan alawa, don na daina sa Angostura (ruwan ɗacin nan na kwalba da ake ɗigawa a ciki) tunda na duba kwalbar na ga giya 44.7% ce a ciki, to ashe ɗan ɗacin nan shi ke riƙe komai.

Abin da na yi, na fere bawon lemun zaƙi guda 2 har da ɗan farin cikinsa don nan ɗacin yake, na zuba kanumfari 5 da 'yar citta a kofi ɗaya na ruwa, na tafasa minti 10 na tace. Cokali biyu ya ishi jug guda. Maimakon grenadine (jan ruwan zaƙin da ke ba shi kala) mai tsada sai na dafa zoɓo mai kauri da sukari kaɗan, kalar ma ta fi kyau wallahi.

Sai matsalar gas, da can ina juyawa da ƙarfi yana mutuwa. Yanzu ƙanƙara ce farko, sai zoɓon, lemun tsami da yankan kokwamba, Fanta da Sprite masu sanyi a ƙarshe, in juya sau ɗaya a hankali.