Matakan da Ya Kamata a Ɗauka Bayan Rasuwar Makusanci

Da farko, a nemi likita ya tabbatar da rasuwar a rubuce, domin da wannan takarda ake zuwa ofishin rajistar mace-mace a karɓi takardar shaidar mutuwa. Yana da kyau a nemi kwafi da yawa tun a lokacin, saboda banki da kamfanin inshora da ofishin fansho kowanne zai buƙaci nasa, kuma yawan zirga-zirga wahala ce ga mai jimami.

Sannan a sanar da dangi, a ɗora shirin jana'iza a kan mutum ɗaya mai natsuwa, don kada nauyin ya faɗa kan wanda rashin ya fi girgizawa.

Bayan jana'iza, a tattara takardun mamacin wuri guda, musamman wasiyya idan ya bari, da takardun gida da fili, da bayanin bashin da ake bin sa da wanda yake bi. A sanar da bankinsa, kuma kada kowa ya cire kuɗi da katinsa ko da ya san lambar sirri, domin dukiyar ta zama haƙƙin magada da masu bin bashi. Kada a yi gaggawar rufe layin wayarsa, tunda ta nan saƙonnin banki suke shigowa.