Yadda Ake Gane Asusun Na'ura a Wasan Karta na Intanet

Wasu matasa kan zauna suna buga poka, wato wani wasan karta, ta intanet, alhali wani lokaci abokin karawarsu manhaja ce da aka ɗora wa asusu. Abin yana damuna, domin inda kuɗi ya shiga caca ce, kuma ɗan Adam ba ya jure gasa da na'urar da ba ta gajiya.

A fara da tattara tarihin wasan asusun da ake zargi, zagaye dubbai, saboda ɗari ɗaya ba ya nuna hali. Sai a lissafa kashi nawa cikin ɗari na zagayen yake shiga wasa maimakon ya janye, kashi nawa kuma yake ƙara kuɗin da aka zuba. Mutum idan ya yi asara yakan fusata ya sauya salo, amma alƙaluman manhaja ba sa motsi.

Lokacin yanke shawara ya fi komai tona asiri. Mutum yakan daɗe inda lamari ya yi wuya, ya yi sauri inda ya yi sauƙi. Jinkirin da aka saka wa manhaja kuwa sau da yawa ba ya bin wahalar wasan. A duba kuma asusun da ke kwana yana wasa babu hutu. Idan asusu da dama suka fito da alƙaluma iri ɗaya, a tura wa kamfanin wasan hujjar.