Yadda Ake Gano Asalin Zubin Kwaikwayon Tsofaffin Motocin Tseren Italiya Marasa Rufi

Wanda ya ce maka motarsa kwaikwayon Ferrari ce ta shekarun 1950 bai faɗa maka komai ba tukuna. Motocin wancan zamani da hannu ake ƙera bodinsu, ko biyu ba sa zuwa daidai da juna. Abin nema shi ne: wace mota guda aka kwaikwaya, ta wace shekara, kuma wane maƙeri ya buga bodinta?

Fara daga ƙasa, bar fenti sai daga baya. Nemo lambar shasi a jikin ƙarfen kansa, kada ka tsaya ga ɗan allon da aka manna. A wancan lokaci Ferrari kan ba motocin tsere lamba cika, motocin titi kuma lamba mara. Idan bodin na motar tseren Ferrari 250 Testa Rossa ne amma lambar mara ce mai ƙarewa da GT, to shasin motar titi aka sadaukar, galibi 250 GTE mai kujeru huɗu.

Sai ka ɗauko tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Testa Rossa milimita 2,350 ce, GTE 2,600, California Spyder kuwa, wata Ferrari marar rufi, ta farko 2,600, ta baya 2,400. Kafin a ɗora bodin Testa Rossa a kan GTE sai an datse milimita 250 daga bututun shasi, kuma za ka ga tabon walda a ƙarƙashin kujeru. Inda magini ya ji tsoron yanka ya miƙar da bodi a maimako, a nan zubi ke lalacewa: ƙofa ta yi tsawo, mazaunin direba ya bar wurinsa, motar ta zama kamar an ja ta da igiya.

Yanzu a hau kan bodi, wanda shi ne inda aikin ya fi daɗi. Maganaɗisu zai raba maka ƙarfe da sauran, amma ba ya kama alminiyam kuma ba ya kama faiba, don haka sai ka zura hannu cikin madugad. Faiba za ka ji zare-zare da kauri. Alminiyam ɗin da aka buga irin na Scaglietti, maƙerin bodin Ferrari a garin Modena, yana ɗauke da sawun guduma ta ciki, ƙanana kamar an dandanna da yatsa. Wanda aka murza da injin lanƙwasa na Ingila kuwa sumul yake ciki da waje. Shi ma aiki ne mai kyau, sai dai ya nuna hannun da ya yi shi ba na salon Modena ba ne.

Idan motar ta fi kama da ɗan kwalekwale, da layi da ya taso daga gaba ya bi gefe har baya, tushenta Ferrari 166 MM ce, wadda kamfanin Touring na Milan ya yi wa bodi aka nuna ta a Turin a 1948. Ita aka fara yi wa laƙabin barchetta, wato ƙaramin jirgin ruwa. Touring na naɗe alminiyam ne a kan siraran bututun ƙarfe, tsarin da ake kira Superleggera. Duba gefen ƙofa da bakin madugad, inda ƙarafan biyu suka haɗu: in ba a raba su da abin shimfiɗa ba, alminiyam yakan ci ya zama farin gari. A kula sosai a nan, domin AC Ace ta Ingila ta 1953, uwar motar nan Cobra, daga wannan zubi ta samo kamanninta, kuma akan ga kwaikwayon da daga Ace aka ɗauki awo amma aka liƙa masa tambarin Italiya.

Ƙananan kaya ke tona shekara. Testa Rossa mai madugad a ware daga hanci ta 1957 da 1958 ce, kuma birkin ganga take da shi. An yanke bodin haka ne don iska ta sanyaya gangar. Birkin faifai a bayan tayoyi masu waya na kamfanin Borrani gadon GTE ne ko sauyin magini. Buɗe bonet ka ƙirga kafireta: shida na kamfanin Weber a Testa Rossa, uku a GTE. Jan fenti a murfin inji, wanda da shi aka san Testa Rossa, kowa na iya shafawa.

Daga nan sai hotunan zamanin. Nemo na gefe sak, ka ɗauki motar da ke gabanka daga nesa da dogon lensi, domin hoton kusa yana kumbura hanci. Daidaita tayoyin hotunan biyu, sannan ka kwatanta tsayin fitila, faɗin bakin gaba, ramukan iska da wurin murfin tanki. Ka riƙe ranar da aka ɗauki kowane hoto, saboda motar tsere kan yi karo a sake mata hanci a tsakiyar kakar tsere, kuma magina da yawa sun ɗauki awo ne daga motar da aka riga aka gyara sau biyu ko uku.