Kafin ka sayi na'urar karatu mai babban allo

Jama'a, in PDF kuke yawan karantawa, musamman tsofaffin littattafan Larabci da aka ɗauka a hoto, kada ku sayi mai inci 6. Na gwada, wasulla suka koma kamar tururuwa, kullum ina ja ina matsawa da yatsa.

Ku nemi mai inci 10. Kindle Scribe na 2022 da na 2024 inci 10.2 ne, rubutunsa tsaf, ga alƙalami da ba ya buƙatar caji. Boox Note Air kuwa Android ce a cikinta, za ka sa manhajar da kake so, amma ta fi shan batir.

Sai dai fa nauyi, hannu ɗaya ba zai jure ba a kwance. Kuma allon gilashi ne siriri. Ranar da ka saya, haɗa da murfi mai tauri. Tawa cikin jaka caja ta danne ta, ta tsage.